An dakatar da ni a zauren gem saboda na soki kamfani, ina 'yancin faɗin albarkacin bakina?

"Assalamu alaikum Malam. Shekara uku ke nan ina cikin wani zaure na masu buga wani gem na yaƙi a intanet. Ba kamfanin ne ya buɗe shi ba, wasu 'yan wasa ne suka kafa shi suke kula da shi. Makon jiya kamfanin ya fito da sabon tsarin sayar da makamai, na rubuta cewa wannan cuta ce, an mayar da wasan na wanda ya fi kuɗi. Wani ya taso mini, musu ya yi zafi, na ce masa ɗan koren kamfani ne marar ƙwaƙwalwa. Da safe na tarar an goge duk abin da na rubuta, an dakatar da ni wata guda, ba wanda ya gaya mini dalili. Shi kuwa da ya fara zagina yana nan yana ta rubutu. Wannan ba take 'yancin faɗin albarkacin baki ba ne? Akwai dokar da zan riƙe?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka guda ce a baki, amma abu biyu ka haɗa a ciki, kuma haɗa su shi ke sa irin wannan musun ba ya ƙarewa. Na farko, ko doka ta ba ka ikon yin magana a zauren da wani ya gina. Na biyu, ko an yi maka adalci. Amsar ta farko, a mafi yawan ƙasashe, ita ce a'a. Amsar ta biyu, idan abin ya faru yadda ka faɗa, ita ma a'a ce. Mutane sukan ɗauka in an amsa ta farko an gama. Ni ban yarda ba, kuma na faɗi haka a matsayin wanda ya shekara bakwai yana cikin masu kula da irin waɗannan zauruka, na kori mutane da hannuna, wasu da gaskiyata, wasu kuma har yau ina jin kunyar abin.

Abin da doka ta ce

'Yancin faɗin albarkacin baki, yadda dokoki suka rubuta shi, katanga ce tsakaninka da hukuma. Sashe na 19 na Sanarwar 'Yancin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya tabbatar da shi, yarjejeniyar 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa ta sake nanata shi, kuma ƙasashe ne suka sa hannu, su aka ɗora wa nauyin. Gyaran farko na kundin tsarin mulkin Amurka na 1791, wanda 'yan wasa ke yawan jawowa a musu ko da ba su taɓa taka ƙasar ba, da kalmar Majalisa ya fara: ita aka hana yin dokar da za ta tauye magana. Bai ambaci makwabcinka ba, bai ambaci mai gidan da ka je baƙunta ba.

Akwai wata tsohuwar shari'a da masu irin ƙorafinka ke so. A 1946 Kotun Ƙolin Amurka ta duba batun garin Chickasaw a jihar Alabama, gari sukutum mallakar wani kamfanin ƙera jiragen ruwa, da titunansa da shagunansa da gidan waya. An kama wata mata tana raba takardun addini a bakin titi, aka ce ta shiga filin kamfani ba izini. Kotu ta ce a'a, wanda ya mallaki gari yake tafiyar da shi kamar hukuma, to dokar da ta ɗaure hukuma ta ɗaure shi. A 2009 wani ɗan wasa a California da kamfanin Sony ya toshe daga dandalinsa na wasa a intanet, PlayStation Network, ya ɗauki wannan hujjar ya kai kotu. Alƙali ya yi watsi da ƙarar. Dalilinsa shi ne Sony ba ta gudanar da ayyukan gari, wurin nishaɗi kawai ta buɗe wa abokan cinikinta. In kamfani kamar Sony bai kai matsayin gari ba, ka san zauren mutum dubu biyu da wasu samari huɗu ke kula da shi bayan sun tashi aiki bai kama hanya ba.

Har ma abin ya wuce haka. A Amurka doka na ganin zaɓen abin da zai zauna da abin da za a goge a matsayin maganar shi mai dandalin. Haka mafi rinjayen alƙalan Kotun Ƙoli suka bayyana a Yulin 2024, lokacin da suka duba dokokin da jihohin Florida da Texas suka yi a 2021 don hana manyan kafofin sada zumunta cire rubuce-rubuce, duk da sun mayar da shari'ar ƙananan kotuna su ƙarasa. Wato in ka je da hujjar 'yancin magana, mai zaure ma da ita zai zo, kuma tasa ce za ta yi nauyi.

Sai kuma Sashe na 230 na dokar sadarwa ta Amurka ta 1996, wanda tarihinsa ya cancanci a sani. A 1991 kotu ta wanke kamfanin CompuServe daga laifin ɓata suna da wani ya yi a dandalinsa, saboda kamfanin ba ya duba abin da ake rubutawa. A 1995 wata kotu a New York ta kama kamfanin Prodigy da irin wannan laifi, saboda shi yana dubawa yana gogewa, don haka aka ɗauke shi kamar mai buga jarida. Ka ga inda aka dosa: wanda ya share gidansa shi za a ci tara, wanda ya bar shara ya tsira. Majalisa ta ga wannan ba zai haifar da ɗa mai ido ba, ta yi dokar da ta ce mai dandali ba shi ne marubucin abin da wasu suka rubuta ba, kuma ba za a kama shi don ya goge abin da yake ganin bai dace ba da kyakkyawar niyya.

Turai ta ɗan bambanta, kuma bambancin na da amfani a gare ka ko da ba can kake ba. A Yulin 2021 babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke wa Facebook hukunci cewa yana da damar kafa dokokin da suka fi na ƙasa tsauri, amma dole ya sanar da mutum in ya goge masa rubutu, ya sanar da shi kafin ya toshe masa asusu, ya faɗi dalili, ya ba shi damar kare kansa. Dokar ayyukan dijital ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki gaba ɗaya ranar 17 ga Fabrairun 2024, ta bi wannan sawun wajen wajabta bayyana dalili. Lura da kyau, ba su ce ba za a kore ka ba. Cewa suka yi ba za a kore ka a ɓoye ba. Kuma kamfanonin da ke ba da dandali aka nufa da su, ba 'yan sa-kan da suka buɗe ɗaki a ciki ba.

Shi ma mai kula da zaure ɗan haya ne

Abin da ɗan zaure ba ya gani shi ne wanda ya dakatar da shi ba shi ne mai gidan ba. In zauren a Discord yake, wato manhajar hira da 'yan wasa ke yawan amfani da ita, dokokin Discord na kansa, kuma in ya bari zauren ya zama matattarar barazana ko cin zarafin yara, zauren gaba ɗaya za a rufe, aikin shekaru ya tafi a dare ɗaya. Kamfanin ya nuna zai iya, domin a Agustan 2017, bayan tarzomar da ta ɓarke a wani taron gangami a garin Charlottesville na Amurka, ya rufe zaurukan masu aƙidar fifita farar fata da suka shirya taron a ciki. A saman wannan akwai kamfanin da ya yi gem ɗin. A 2022 masu gem ɗin Minecraft suka sa tsarin kai ƙarar hira wanda ya shafi har sabar, wato wurin wasan, da mutum ya kafa da kuɗinsa, 'yan wasa suka yi ca, amma tsarin ya zauna. A saman su duka akwai dokar ƙasa. Dokar tsaron intanet ta Birtaniya ta 2023 ta ba hukumar Ofcom ikon cin tara har fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar kamfani a duniya, duk wanda ya fi yawa.

Kuma kada ka raina abin da musun gem kan jawo. A 2021 wani ɗan wasan War Thunder ya ɗora shafuka daga littafin sirri na tankar yaƙin Birtaniya Challenger 2, don kawai ya nuna cewa kamfanin bai zana tankar daidai ba. Masu kula suka goge nan take, domin barinsa zai iya kai su kotu. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Wichita ta jihar Kansas a Disambar 2017. Mutum biyu suka yi faɗa a Call of Duty kan cacar dala ɗaya da rabi, ɗaya ya ba da adireshin da ba nasa ba yana cika baki, ɗayan ya sa aka kira 'yan sanda da ƙaryar an yi kisa da garkuwa a gidan. 'Yan sanda suka harbe wani magidanci a ƙofar gidansa, mutumin da bai san ma ana wasan ba. Wanda ya yi kiran ya sami ɗaurin shekara 20. Duk mai kula da zaure da ya san wannan labarin, in ya ga musu ya fara komawa "na san inda kake", hannunsa ba ya jiran bincike.

Zauren da ba a goge komai

Na taɓa gwada shi. A shekarata ta biyu muka buɗe ɗaki guda muka ce nan ba doka sai abin da dandalin kansa ya haramta. Makon farko abin sha'awa, raha da barkwanci. Kafin wata uku mutum shida ne suka mallake ɗakin, waɗanda suka fi kowa lokaci da kaushin baki.

Abin da ya sa muka rufe shi wata yarinya ce, gwana ƙwarai, wadda ita ke jagorantar tawagarmu a gasar ƙarshen mako. Na lura ta daina kunna makirufo, sai dai ta rubuta umarni a gajarce, hagu, ku jira, yanzu. A wasan da sakan ɗaya ke raba ci da faɗuwa, wannan asara ce. Na tambaye ta a keɓe. Ba ta ce komai ba, sai ta turo mini hotunan allo goma sha ɗaya. Ba wanda ya yi mata barazana, ba kalma ɗaya da doka za ta kama. Duk lokacin da ta yi magana sai wani ya kwaikwayi muryarta, wani ya tambaye ta ko ta gama wanke-wanke, sauran su cika ɗakin da hoton dariya. Na koma rajistar zauren na ƙirga waɗanda suka daina rubutu a watannin nan, na ga ba ita kaɗai ba ce. Ba mu kori kowa ba a wannan ɗakin, amma an kori mutane da yawa. Tun ranar na daina yarda cewa rashin gogewa shi ne 'yanci. A kowane zaure akwai wanda za a rufe wa baki, abin da ya rage shi ne ko da doka rubutacciya za a yi, ko kuwa masu ƙarfin baki ne za su zaɓa.

Amma iko ba gaskiya ba ne

Nan ne nake rabuwa da abokan aikina masu cewa gidana ne, in ba ka so ga hanya. Masanin falsafar nan na Birtaniya John Stuart Mill tun 1859 ya yi gargaɗin cewa danniyar jama'a kan iya fin ta hukuma shiga jiki, saboda ba ta bar wa mutum wurin gudu. 'Yancin magana doka ce, amma kuma ɗabi'a ce, ta iya jure jin abin da ba ka so. Zaure zai iya kasancewa bai karya dokar kowace ƙasa ba, ya kuma zama wurin da ba a iya faɗin gaskiya.

'Yan wasa sun nuna sun san wannan bambancin a Oktoban 2019. Wani ɗan Hong Kong da ake kira Blitzchung, bayan ya ci wasa a gasar Hearthstone, ya furta taken masu zanga-zangar garinsu a hirar kai tsaye. Kamfanin Blizzard ya dakatar da shi shekara guda, ya ƙwace kuɗin da ya ci, ya sallami masu gabatarwa biyu. Sharuɗɗan gasar sun ba kamfanin dama. Duk da haka duniya ta yi wa kamfanin caa, cikin mako guda ya rage hukuncin zuwa wata shida ya mayar da kuɗin, daga baya ma 'yan majalisar Amurka daga jam'iyyu biyu suka rubuta masa wasiƙa. Ba kotu ce ta sa shi ba.

To mu dawo kanka. Abu biyu ka rubuta. Cewa sabon tsarin cuta ne, wannan suka ce, kuma zauren 'yan wasa da ba a iya sukar wasa a cikinsa ya zama allon talla. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Cewa da mutum marar ƙwaƙwalwa kuwa zagi ne, ɗan'uwa, kada mu ɓoye wa juna, kuma ko ni ne zan goge shi. Da a zaurena ne, layin zagin zan cire, naka da nasa, in bar sukar, in yi muku gargaɗi ku biyu, in ta kama in rufe muku baki na kwana ɗaya ku huce. Wata guda ga mutumin da ya shekara uku, ba dalili, ba gargaɗi, an kuma share har da sukar, wannan ya yi yawa. A 2018 wasu masana da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka fitar da abin da ake kira ƙa'idojin Santa Clara, kuma ginshiƙansu uku ne: a bayyana adadin abin da ake gogewa, a sanar da mutum dalili, a ba shi hanyar ɗaukaka ƙara. Manyan kamfanoni aka nufa, amma biyun ƙarshe ko zauren mutum hamsin zai iya, ba sa cin ko sisi.

Me ya sa shi wanda ya fara zaginka yana nan? Dalilai sun fi ɗaya, kuma ba duka ne na mugunta ba. Sau da yawa mai kula ba ya karanta musu daga farko, abin da aka kai masa ƙara kawai yake gani, kuma wanda ya fara tsokana shi ya fi iya danna maɓallin ƙara. Wanda ya rama shi ake kamawa, kamar dai a filin ƙwallo. Wani lokaci ma ba mutum ba ne, manhajar tace kalmomi ce, kuma waɗannan ba su da wayo. Tun 1996 ake musu dariya, lokacin da kamfanin intanet na AOL ya hana mutanen garin Scunthorpe na Ingila yin rajista saboda wasu haruffa huɗu a tsakiyar sunan garin sun yi daidai da ashar a Turanci. Mai wayo kan yi zaginsa da kalmomi masu tsabta ya wuce, mai zafin zuciya ya faɗi guda ɗaya a kama shi. Yana yiwuwa kuma an hukunta shi a keɓe ba ka sani ba. Sannan akwai dalili na ƙarshe, wanda ba zan ce ba ya faruwa ba: abokinsu ne, ko kuma zauren na samun 'yan kyaututtuka da labarai da wuri daga kamfanin, ba sa son a ɓata musu tsakani.

Son zuciyar nan na san shi daga ciki. Wani dare, wajen ƙarfe biyu, wani ɗan zaure ya rubuta cewa dokokinmu na gasar shirme ne kuma wanda ya tsara su bai taɓa cin wasa ba. Ni na tsara su. Na dakatar da shi mako biyu, na rubuta "tada fitina" a rajista, na kwanta ina jin na yi aiki. Da safe abokiyar aikina ta turo mini tambaya ɗaya: wace doka ya karya, lamba nawa? Na buɗe dokokin na karanta daga sama har ƙasa sau biyu, babu. Wanzami ba ya son jarfa. Na buɗe shi na ba shi haƙuri a gaban kowa, kuma daga ranar muka sa doka cewa wanda aka taɓa ba shi zai yanke hukunci ba, sai ya miƙa wa wani. Mutumin bai ƙara sakin jiki da mu ba, bayan wata biyu ya tafi.

Abin da za ka yi

Ka fara da karanta dokokin zauren, ka nemo wadda ka karya da wadda ba ka karya ba. Sannan ka rubuta wa mai kula guda ɗaya a keɓe, zai fi kyau wanda ba shi ya dakatar da kai ba, in akwai hanyar da suka tanada ka bi ta. Kada ka buɗe da maganar 'yanci ko kundin tsarin mulki. Na karanta irin wannan saƙon ya fi a ƙirga, kuma abin da yake gaya wa mai karatu shi ne wannan bai ga laifinsa ba. Ka ce na zagi wane, kuskure ne, na karɓa. Ka tambayi wace doka aka yi amfani da ita. Ka nemi a mayar da rubutun sukar ko a ba ka dama ka sake rubuta shi ba zagi. Ka haɗa hoton abin da ɗayan ya rubuta, da lokacinsa, ba tare da ka ce a kore shi ba. Saƙon kada ya wuce layi goma. Wanda zai karanta ɗan sa-kai ne, wataƙila a waya, wataƙila a gajiye.

Kada ka buɗe sabon asusu ka koma ta bayan gida, kusan ko'ina wannan kan mayar da wata guda ya zama har abada, kuma ana ganewa, salon rubutun mutum ba ya ɓuya. Kada ka tura abokai su cika zauren da ihu. In da kamfanin gem ne ya toshe maka asusun da ka sayi kaya a ciki, da maganar ta koma ta ciniki da haƙƙin mai saye, wanda ya danganta da dokar ƙasarka, kuma lauya ake nema, ni ba shi ba ne. Amma naka zauren 'yan sa-kai ne, ba kuɗi tsakaninku.

Yadda suka amsa zai nuna maka irin wurin da ka shekara uku a ciki. In suka faɗi doka suka rage, ka koma. In suka ce suka ba ta halatta, ko suka yi shiru mako guda, to ka yi tunanin tafiya, kuma ba zan ce maka abu ne mai sauƙi ba, domin masu cewa ka buɗe naka ba su lissafa cewa abokanka da tawagarka ba a aljihu suke ba. Sai dai ka tuna bakinka kaɗai na ji. Ban ga rajistar zauren ba, ban ga ko an taɓa yi maka gargaɗi a baya ba, ban ga ainihin kalmomin da kuka yi musaya ba. Kafin ka aika saƙon, ka nemo hoton abin da ka rubuta a daren in wani ya ajiye, ka karanta shi da rana.